Mutum-mutumi a Ɗakin Ajiyar Jini

Zuwa ga Maman Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin isa lafiya, gajiyar hanya ta sake ki. Yaya jikin Yaya? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa aikin da aka yi wa ƙafar nan ya yi kyau. Ki ce mata na ce ta bi maganar likita, ta ɗan ajiye tata. Mu nan lafiya lau, sai dai gidan ya yi mana girma. Shukokinki na baranda suna nan da ransu, in ban da guda ɗaya da ban san abin da na yi mata ba.

Akwai maganar da nake so ki ji daga gare ni kafin ta iso miki da ƙari. Mai gadin ofishinmu ne ya fara tsegunta min ina ajiye mota, wai an ce za a sallami Auta daga aiki. Na yi dariya, na ce masa ya riƙa tace abin da yake ji a bakin ƙofa. Yarinyar da take riga kowa zuwa? Ban yarda ba, na shige ciki abina. Kafin azahar sai na ga ashe maganar tana da tushe.

Kin sha ce min aikin nan namu ba shi da kai ba shi da gindi, mutum ya wuni yana hararar kwamfuta. To, yau sai ki daure ki karanta, tunda 'yarki ce a ciki.

Manhajar da muke yi ta ɗakin ajiyar jini ce ta wani asibiti. Kowace jakar jini da ke cikin firij tana da takwararta a cikin manhajar, wadda ta san irin jinin, da ranar da aka ɗiba, da ko an taɓa fitar da ita waje. Sashen da Auta ta rubuta shi ne mai zaɓe. In aka nemi jini daga ɗakin majiyyata, sai ya bi jakunkunan nan ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, kina da kyau? Wadda ta ce e, sai ya miƙa ta.

Mu kuma ba ma amincewa da abin da hannunmu ya rubuta. Shi ya sa muke rubuta ƙananan gwaje-gwaje, su riƙa yi wa manhajar jarrabawa duk lokacin da wani ya taɓa ta. Akwai babban allo a bango kusa da tankin ruwan sha. In an ci jarrabawa ya yi kore, in an faɗi ya yi ja.

Shugaban sashenmu, yaron nan da muke kira Injiniya, mai son rubutu a farin allo, shi ya kawo mana doka bara: kowane sashe a gwada shi shi kaɗai, duk abin da yake hulɗa da shi a sa masa na bogi. Yaran ofis suna kiransa mok da Turanci. Ni mutum-mutumi nake ce masa, irin wanda kakata take kafawa a gona da tsohuwar rigar kakana. Ba zan ɓoye miki ba, dokar ta yi mana daɗi. Gwajin da a da sai mu sha shayi mu dawo bai gama ba, ya koma kafin ka gyara zama ya ƙare.

Ke da kika yi shekaru kina koyarwa za ki fi ni ganin inda matsalar take. Auta ta gwada mai zaɓenta, amma ba da jaka ta gaske ba. Ta kafa mutum-mutumin jaka, ta sa masa amsa a baki. In ta ce masa ka ce e, ya ce e. In ta ce ka ce a'a, ya ce a'a. Kamar ki shirya jarrabawa ne, ki zaunar da 'yar tsana a kujerar ɗaliba, ki rubuta mata amsa, sannan ki ba ta maki.

Ana nan, sai aka sa abokin aikinta Dogo ya gyara jaka ta gaske. Da, tambaya ɗaya ta ƙunshi komai. Sai ya raba ta biyu: kina da kyau ta koma maganar wa'adi kaɗai, maganar daɗewa a wajen firij kuma ta zama tambaya daban. Ya gwada jakarsa, kore. Gwajin Auta ma kore, don mutum-mutuminta bai san an yi wani canji ba, yana nan yana amsawa irin ta da. Babu wanda ya haɗa mai zaɓe na gaske da jaka ta gaske ya ga ko suna jin yaren juna.

Allah ya taimaka, asibitin ba su saki tsohuwar hanyarsu ba tukuna, gwada tamu suke yi a gefe. Manhajar ta zaɓi wata jaka da aka kai ɗakin tiyata, ta daɗe a waje, aka dawo da ita. Ma'aikaciyar ɗakin ta gani, ta ware ta, ta bugo wa Manaja waya tun da sassafe, kafin in iso ofis. Babu wanda aka sa wa jinin, ki kwantar da hankalinki. Manaja ya fito ya tsaya gaban allon nan, ga shi kore shar, ya daɗe yana kallo. Sai ya tambaya wa ya rubuta mai zaɓen. Auta ta miƙe.

A mota na buɗe baki zan yi magana, ta riga ni. Ta ce, Baba, don Allah kada ka sa baki, in ka yi magana ko na tsira za a ce kai ka cece ni. Ta ce dama tun ranar da ta fara aiki ake ce mata 'yar Tsoho, wato ni, don haka suke kirana a ofis. Na yi mata alkawari zan ja bakina. Kin san wannan ba ƙaramin aiki ba ne a wurina.

Ki sa ta a addu'a. Kada ki nuna mata na faɗa miki. Ki gaida Yaya da yaran gidan.

Naki,
Baban Auta

*

Maman Auta,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗin jin cewa Yaya ta fara takawa da sanda. Ki ce mata ban da tsere. Na kuma ga faɗan da kika yi min a kan shukar nan. Ashe ruwa ne ya yi mata yawa. Ni a zatona ƙauna nake nuna mata.

Kin tambaya ko Auta tana cin abinci. Tana ci, amma irin cin nan na wanda hankalinsa yake wani wuri. Manaja ya ce za a zauna a kan maganarta mako mai zuwa. Kafin nan kuma wani abu ya faru, wanda da a tatsuniyar kakata na ji shi, da na ce tsohuwa ta ƙara gishiri.

Manaja mutumin kirki ne, amma in ya tsorata ba ya tsayawa a tsakiya. Ya tara mu ya ce daga yau ba ya son ganin mutum-mutumi ko ɗaya a cikin gwajinmu, duk a tuge su, a gwada komai da na gaske. Injiniya ya ɗaga hannu zai yi magana, Manaja ya ce ya ji isasshe daga gare shi. Na dubi Auta, ta zuba min ido irin naki, sai na mayar da kaina ƙasa.

Dogo aka ba aikin. Kin san Dogo, wanda ya taɓa kawo miki saƙo gida ya buge kai da ƙofar kicin. In aka ce masa share ɗaki, har da tabarma yake sharewa. Ya bi ya tuge su kakaf.

To, a cikin manhajar akwai wani sashe wanda in ya ga wani irin jini ya kusa ƙarewa, sai ya tura saƙon waya ga masu ba da jini, yana roƙon su zo da gaggawa. A wajen gwaji, mutum-mutumi ne yake tsayawa a madadin kamfanin tura saƙo. Ya karɓi saƙon, ya ce na tura, alhali bai tura ko'ina ba. Shi ma Dogo ya tuge shi. Lambobin mutane kuma na gaske ne, waɗanda asibiti suka ba mu. Da hantsi ya danna gwaji, gwaji ya ƙirƙiro ƙarancin jini kamar yadda ya saba, saƙo kuwa ya fita duniya. Da allon ya yi ja saboda wani abu daban, sai Dogo ya sake dannawa.

Manaja ya ce in raka shi asibitin mu ba da haƙuri, wai furfurata za ta yi amfani. Maman Auta, da kin ga harabar nan. Ga wani da rigar aikin gareji, hannunsa duk baƙin mai. Ga wata malama da ta bar ajinta, alli bai bar yatsunta ba. Ga mai gidan burodi da gari har gira. Wani dattijo ya kama hannuna yana tambaya, wane ne ba shi da lafiya, yaro ne ko babba? Ya ce saƙo biyu ya samu, shi ya sa ya san abin ya yi tsanani, ko takalmi bai tsaya canjawa ba. Na rasa bakin da zan ce masa kwamfuta ce take wa kanta jarrabawa.

Wasu sun yi faɗa, kuma da gaskiyarsu. Wasu suka ce tunda sun zo, a ɗiba kawai. Ni dai na koma mota na zauna, idona ya cika. Shekarun nan duka ina rubuta kalmar mai ba da jini a cikin kwamfuta, ban taɓa ganinsa yana haki ba sai ranar.

A hanyar dawowa, da muka kusa ofis, Manaja ya juyo gare ni. Sannan ya ce, Tsoho, an sa na bogi an yi ɓarna, an cire na bogi an yi ɓarna, to ina ake so mutum ya tsaya? Amsar tana kan harshena. Na tuna alkawarin da na yi wa 'yarki, na ce masa ai za a zauna, ya tambayi masu aikin. Ya dube ni kamar bai san ni ba.

Dogo kuwa ya ƙi fita cin abincin rana, yana zaune ya haɗa kai da gwiwa. Auta ce ta kai masa shayi.

Ki gaida kowa. Ki faɗa min sau nawa ake ba shukar ruwa, kada in ƙarasa sauran.

Mijinki,
Baban Auta

*

Maman Auta,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da Yaya da duk mutanen gidan. Wannan gajeruwa ce, don gobe ne zaman.

Teburin cin abincinki ya zama ofis. Kwanakin nan, da mun dawo da la'asar sai Auta ta baza kwamfuta a kai. Ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban tanka ba. Amma kin san ta tun tana ƙarama, in tana tunani a fili take yi. Ni kuma sai in ɗauko jarida in zauna kusa, in yi kamar ina karatu. Jiya ta ce min, Baba, jaridar nan a kife take.

Ga abin da na ji tana faɗa wa kanta, kuma ban san na taɓa jin an faɗe shi da sauƙi haka ba. Ta ce akwai 'yan gida, akwai baƙi. Jaka, da mai ba da jini, da majiyyaci, 'yan gida ne. Mu muka rubuta su, a hannunsu dokokin aikin suke, kuma kiransu ba ya cin lokaci, ba ya taɓa kowa a waje. Ba a yi wa ɗan gida mutum-mutumi, shi ake kira da kansa ya amsa, don in ya canja hali gwaji ya ji a jikinsa. Baƙi kuma su ne waɗanda suke wajen katanga: kamfanin tura saƙo, da na'urar da take auna sanyin firij, da agogo. Waɗannan dole a sa musu na tsaye, don ba za ka tayar da gari ba saboda gwaji, ba kuma za ka zauna jiran makonni ka ga ko jaka za ta wuce wa'adi ba.

Injiniya ya same ta a ofis yau, ina jinsu daga teburina. Bai zo da faɗa ba. Ya ce abin da ya sa ya kawo dokarsa shi ne haɗa jaka ta gaske a cikin gwaji wahala ne, sai ka kawo mai ba da jini, ka kawo firij, ka kawo kwanan wata, kafin ka yi tambaya ɗaya. Auta ta nuna masa wani ɗan abu da ta rubuta, mai haɗa jaka ta gaske a layi guda, ka canja abin da kake so kawai. Ta ce in kuma ɗan gida ya yi nauyin da ba ya kiruwa, to an ɗora masa kayan da ba nasa ba ne, a sauke masa, ba a yi masa gunki ba. Sai ta mayar da manhajar yadda take ranar da aka yi kuskuren, ta danna sabon gwajinta. Ja wur. Ban taɓa ganin mutane biyu suna murna da jan allo haka ba.

Da aka tashi, Injiniya ya tsaya a teburina yana juya makullin mota. Yaron nan ya rame. Matarsa tana da tsohon ciki, kuma ya san in ya yi shiru gobe, laifin a kan Auta zai tsaya, shi ya wuce. Ya ce, Baba, me kake gani? Na ce masa ni uban yarinyar ne, shawarata ba ta da tsarki, ya je ya tambayi wanda ba shi da 'ya a ciki. Ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Wallahi tausayinsa nake ji. Ba mugunta ya kawo mana ba, sauri ya kawo.

Na ɗauki hutun gobe. In ina cikin ginin nan, ƙafata za ta kai ni ɗakin taro ko ban aike ta ba.

Ki yi mana addu'a.

Naki,
Baban Auta

*

Maman Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Yaya. Na ji kin ce sai ƙarshen wata za ki dawo. Allah ya kai mu. Ki zauna tukuna kafin ki ci gaba da karantawa, don na san ki, a tsaye kike karanta wasiƙa.

Ranar zaman na rasa inda zan sa kaina. Na je aski, alhali babu abin askewa. Mai askin ya duba kan nan ya ce, Baba, me zan cire? Na ce ka dai yi ta zagayawa. Daga nan na dawo gida na wanke motar da take a wanke. Na sa wayata a aljihun gaba, ina taɓa ta kamar mai ciwon ƙirji.

Mai gadi ne ya fara bugowa. Ya ce an gama, ya ga Auta ta fito da sauri ta shiga banɗaki tana share ido, shi dai yana ganin an sallame ta, in yi haƙuri. Na zauna a kan bokitin wankin mota. Ina ta tunanin yadda zan rubuto miki.

Ban tashi ba sai ga kiran Dogo. Shi kuma daga tsakiya ya faro, kamar kullum. Wai Manaja ya ce a nuna masa da idonsa, Auta ta haɗa kwamfutarta da babban allo, ta nuna tsohon gwaji kore, sabo ja, a kan kuskure guda. Wai ta nuna saƙon waya yana shiga hannun mutum-mutumi ya tsaya nan, Manaja ya sa ta maimaita, yana duba wayarsa ko wani abu zai shigo. Sai Injiniya ya miƙe, ba wanda ya tambaye shi, ya ce dokar tasa ce, Auta bin ta kawai ta yi, in akwai wanda za a hukunta shi ne. Dogo ya ce shi ma sai ya ji kunya ya miƙe, ya ce shi ya raba tambayar, shi ya tara mutane a asibiti. Wai Manaja ya ce su zauna, ɗakin taro ne ba layin karɓar laifi ba. Na ce, Dogo, duk na ji, an sallame ta ko ba a sallame ta ba? Ya ce wallahi bai sani ba, an fitar da su kafin ƙarshe. Na ce Allah ya shirye ka.

Can sai saƙon Injiniya ya shigo, kalma biyu: Baba, alhamdulillahi. Wa aka yi wa alhamdulillahin, shi ko ita? Na buga, bai ɗauka ba.

Haka na zauna da labari uku a hannu, babu wanda ya cika. Na ɗora ruwan shayi, ya tafasa ya ƙone ban sani ba.

Gab da magariba na ji buɗe ƙofa. Ta shigo, ta ajiye jaka, ta cire takalmi a natse, ta wuce kicin ta kashe wutar da na manta. Idonta ya yi ja, amma fuskar ba ta gaya min komai ba. Wannan halin naki ne, ba nawa ba. Na yi ta maza ban tambaya ba. Ta zuba ruwa ta sha, sannan ta jingina da ƙofa ta ce, Baba, gobe ka fito da wuri. Na ce lafiya? Ta ce an ba ta aikin sake duk gwaje-gwajen ofis, ita za ta ware 'yan gida da baƙi, Injiniya yana nan a kujerarsa, kuma an ce ta zaɓi mutum biyu su yi aiki a ƙarƙashinta. Ta ɗauki Dogo. Ta ce na biyun ta so ta sami wani mai ƙuruciya, amma babu, sai ta haƙura da ni. Ta ce kuma ta leƙa gwaje-gwajena, akwai gyara, kada in ce ba ta gaya min ba.

Na ce, to, ranki ya daɗe. Sai a lokacin ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ta zo ta zauna a ƙasa kusa da kujerata kamar tana 'yar firamare. Na dafa kanta.

Don haka in wani ya kawo miki labarin nan ta wata fuska, kada ki saya. Na ji daga mai gadi, na ji daga Dogo, na ji rabi daga Injiniya. Wadda ta faɗa min ta ƙarshe ita ce shugabata a wurin aiki, 'yarki Auta, da bakinta.

Ki gaida Yaya. Ki dawo lafiya. Zan kwanta da wuri, kada in makara.

Naki har kullum,
Baban Auta